Ja, Kore, Shuɗi, Fari

Yayata ba ta taɓa sayo abu a kasuwa ta dawo gida ba ta sake auna shi ba. In yadi ne, ta shimfiɗa a tebur ta ja tef a kai. In sukari ne, ta ɗaga ledar ta jijjiga ta ce an rage. Ni da muka fito ciki ɗaya, in na kawo mata ruwa sai ta leƙa kofin kafin ta sha. Na daina jin haushi tun muna 'yan mata, don na gane ba ni kaɗai ba ce, duniyar ce gaba ɗaya ba ta yarda da ita ba.

Tela ce. Shagonta a jikin gidan yake, ƙofa ɗaya tana kallon titi, ɗaya tana buɗewa tsakar gida. Duk unguwa Mai Zare ake ce mata, kuma ba don ɗinkin ba. Duk abin da zai bar hannunta sai ta ɗaura masa zare. Tukunyar da maƙwabciya za ta ara, da zare a mariƙinta. Almakashi za a kai washi, zare. Ranar da aka kwantar da ita a asibiti, sai da ta ɗaura wa takalmanta zare kafin ta hau gado, wai kada a musanya mata. Takalman da ko kyauta aka ba ni, wallahi sai na yi tunani!

Na dawo gidanta ne bayan rasuwar mijina, ita kuma nata ya daɗe da rasuwa. Marigayi mijin nata direban wata ma'aikata ne, mutum mai sanyin hali, wanda ya zauna da Yaya shekara da shekaru ba a taɓa jin muryarsa a waje ba. Ya bar mata gidan, da ɗa guda, da mota. Tsohuwa ce mai ƙofa huɗu, ruwan toka, kujerar baya ta lotsa daidai inda nake zama, but ɗinta kuwa sai an doka masa tafin hannu yake buɗewa. Shi ya koya mata tuƙi a filin ƙwallon makaranta. Tun daga nan ba ta sake tsayawa a bakin titi tana ɗaga wa kowa hannu ba. Da motar take zuwa babbar kasuwa sayen yadi, da ita take kai wa mutane ɗinki har gida. Ta sha gaya mini cewa ranar da ta ajiye makullin nan, ranar ta zama kaya, sai inda aka ga damar ajiye ta.

Shekarar da aka sace motar mai kemis na layinmu daga ƙofar gidansa, Marigayi ya nuna mata wata dabara. Ya ɗaga bonet, ya zare wayoyin fulogi guda huɗu, baƙaƙe masu kaurin ɗan yatsa, ya ce muddin waɗannan suna ɗaki, ɓarawo ko da makulli ya zo sai dai ya tura. Shi in zai yi tafiya kawai yake cirewa. Ita kuwa tun da motar ta zama tata, kullum da yamma sai ta cire su, ta zuba a jakar da ta ɗinka musu, ta rataye a bayan ƙofar ɗakinta. Mota a cikin gida fa, get a kulle da kwaɗo biyu.

Cirewa ba wuya, mayarwa ce aiki. Na ji bayanin nan har na haddace ba da son raina ba. Injin silinda huɗu gare shi a jere, kowace da fuloginta. A gefe akwai distiributa, wani abu kamar kofi a kife mai bakuna huɗu a zagaye, shi ke raba musu wuta. To, wutar ba ta bin layi. Ta fara da silinda ta ɗaya, ta tsallaka ta uku, ta je ta huɗu, ta biyu ce ke zuwa ƙarshe. Faya oda makanikai ke ce wa wannan jerin. Marigayi ya ce an yi haka ne don a raba wa injin nauyi kada ya riƙa jijjiga. Yaya ta ce ko ma mene ne dalilin, abin da ya ƙi bin ɗaya, biyu, uku, huɗu, akwai abin da yake ɓoyewa.

Sai ta yi abin da ta iya. Ta ɗaura wa kowace waya zare a bakin da ke shiga distiributa: ja ta ɗaya, kore ta uku, shuɗi ta huɗu, fari ta biyu. Da safe ta fara cusa su a kan fulogai, wannan ko ido rufe za ta yi, don kowace waya da tsawonta. Sannan ta tattaro ɗaya bakunan, ta bi zagayen kofin daga inda Marigayi ya karta alama da wuƙa, tana faɗa da ƙarfi: "Ja. Kore. Shuɗi. Fari." Wannan ne agogona. Da na ji na san lokacin ɗora shayi ya yi.

Ɗan nata Akawu muke ce masa tun yana ƙarami, saboda son biro, kuma aikin ofis ɗin ya ƙare da yi. Kullum da safe sai ya biyo ya gaishe mu kafin ya wuce aiki. Bara ne ya fara wata magana, bayan Yaya ta goge gefen motar a jikin ginshiƙin get.

"Umma, motar nan ta tsufa. Ki bari duk inda za ki ni in kai ki, ko in samo miki direba."

Bai taɓa cewa ke kin tsufa ba, yaron yana da hankali. Amma ba a yi wa Yaya wannan wayon.

"Motar ce ta tsufa ko uwarka?" in ji ta. "Maginin da ka kawo ya gyara get ne ya rage faɗinsa. Ka je ka auna."

Bai auna ba, bai kuma daina maganar ba. Duk bayan 'yan makonni sai ya sake ɗaukowa cikin ladabi, ita kuma ta mayar masa da ita ba ladabi.

Ana haka, wata safiya na ji ja, kore, shuɗi, fari kamar kullum. Ta shiga wanka, ta fito, ta shirya, ta murza makulli. Sai motar ta yi tari. Ta sake murzawa, injin ya kama da ƙyar yana karkarwa kamar mai zazzaɓi, madubin gefe har rawa yake. Ta taka mai, sai salansa ta yi wata ƙara, tau! Na saki ludayi na fito a guje, na ɗauka an harbi wani.

Ta buɗe bonet ta bi wayoyin da yatsa ta ce daidai suke. Ta sunsuna tankin mai ta ce gidan mai sun zuba mata ruwa. Daga ƙarshe dai aka kira makaniken da ke ƙarshen layi, wanda ake ce wa Kunnuwa don da kunne yake gane ciwon mota. Tun zamanin Marigayi shi ke duba ta, kuma ko sau ɗaya bai taɓa kwance noti ba sai Yaya tana tsaye a kansa. Ya ce ta tayar. Ya karkata kai ya saurara, ya ce ta kashe. Ya sa hannu ya zare wayoyi biyu ya musanya musu wuri. Ta sake murzawa, injin ya tashi sumul.

"Wayoyi aka sauya wa wuri, Mama," in ji shi yana goge hannu. "Ta uku da ta huɗu."

"Aka sauya? Wa ya sauya?"

"Ni dai haka na same su."

"Hannuna ya saka su. Shekara da shekaru nake saka su."

Ya sosa ƙeya ya ce Allah ya kiyaye gaba, ya kama hanya.

Daga ranar gidanmu ya koma ofishin 'yan sanda. Lissafin Yaya mai sauƙi ne: tsakanin saka wayoyi da tayar da mota akwai wanka da karin kumallo, to wa ke tsakar gida a lokacin? Malamin makarantar da ke haya a ɗakin baya ta fara kamawa, bawan Allah da ko keke bai iya gyarawa ba. Ta ce ya fiye tsayawa kusa da motar yana goge takalmi. Sai da ya koma goge takalminsa a ɗaki. Mai karanta mita ma ya sha tambayoyi. Ni kuwa kallo kawai ake bi na da shi in na gifta da bokiti.

Abin da ya ƙara rikita lamarin, ba kullum motar ke yi ba. Yau ta tashi lafiya lau, gobe ta yi tari, jibi lafiya, gata kuma harbi. Kunnuwa ya zo har ya gaji, kullum wayoyin nan biyu ne. Sai Yaya ta fara cewa shi ma a duba shi, ai ya taɓa yaba injin a gabanta, wanda ya yabi abu kuwa so yake. Ta tsara labarin tsaf: a gajiyar da ita, ta ce a sayar, shi ya ɗauka a arha.

"To wa zai ci riba in kin daina tuƙi ban da shi?" na tambaya, don in ji ƙarshen zancen.

Ta dube ni ta ce, "Ke ma kin sani."

Na ce, "Haba Yaya! Ɗan da kika haifa?"

"Ranar Lahadi bai zo ba, motar ta tashi ƙalau."

"Ranar Laraba da ya yi tafiya fa? Ai har kajin maƙwabta sai da suka watse."

"Ya bar wa wani sallahu."

A cikin kwanakin ne wata nas ta dawo da rigar aikinta, shuɗiya, wai an yi mata kalmasa da koren zare. Yaya ta warware ta sake, tana zagin mai sayar da zare wai ya cakuɗa mata kaya a leda. Ni ma na taya ta zagi, don mutumin nan dama ba na kirki ba ne.

Sai ta sauya tsari. Ta daina barin tazara, ta saka wayoyi ta tayar nan take. Duk da haka motar ta yi tari. Mai hankali zai tsaya nan ya yi tunani, amma Yaya sai ta ƙara gaba. Ta ce ashe a cikin jaka ake yin ta'asar, ana kwance zaren ana musanyawa a sake ɗaurawa. Ɗakinta kuwa mutum biyu ke shiga, ni da Akawu.

Washegari ina tsaye ina shanya ta tare Akawu.

"Na san abin da kake yi," ta ce.

"Me nake yi, Umma?"

"Ka nemi makullin da baki ban ba ka ba, shi ne ka koma ta bayan gida. To ka ji da kyau. Ranar da na kama ka, ƙafata ba za ta sake taka gidanka ba, kai ma kada ka tako nan."

Yaron ya tsaya da jakar aikinsa a hannu, mutum mai 'ya'ya uku, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Allah ya huci zuciyarki," ya fita. Daga ranar ya daina shigowa tsakar gida. Ta ƙofar shago yake tsayawa ya gaishe ta daga bakin titi kamar mai kawo ɗinki. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, na kwana biyu ban yi mata magana ba. Ta ce shirun nawa ma shaida ne.

Ranar Asabar ta haɗa tarkonta. Jakar ta kwana ƙarƙashin matashinta, ɗakin a kulle ta ciki. Da hantsi ta sa aka kira Kunnuwa da Akawu, ta ce ni ma in ajiye tsintsiya in zo. Ta jera mu a gaban mota, hannun kowa inda za ta gan shi.

"Yau ba wanda ya taɓa jakar nan sai ni," ta ce. "A gabanku zan saka. In ta tashi lafiya, kun san abin da hakan ke nufi."

Ta cusa su a kan fulogai, hannunta bai yi ko gargada ba. Ta tattaro ɗaya bakunan. Ta laluba alamar wuƙa da babban yatsa.

"Ja," ta ce, ta cusa jan.

"Kore," ta ce.

Shuɗin ne a hannunta. Shuɗi ƙarara, rana tana dukansa. Ta ɗaga shi ta duba sosai, ta gyaɗa kai, ta cusa shi a gurbin kore.

"Shuɗi," ta ce, ta ɗauki koren.

Rigar nas ta faɗo mini, da ginshiƙin get, da yadda kwanan nan take cewa in zura mata zare a allura wai hannunta da maiƙo. Na dubi Kunnuwa, ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa, da gani ya daɗe da zargin haka ya rasa bakin faɗa. Na dubi Akawu. Ya girgiza mini kai a hankali, wato kada in ce komai. Ya gwammace ya ci gaba da zama ɓarawon.

Ta shiga ta murza makulli. Tari, karkarwa, sai tau!

Ta kashe ta fito. Na jira ta fara faɗa, amma ba ta fara ba. Ta bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya. Yaya ta yi rayuwarta tana karanta fuskar mutane don ta kama ƙarya, ba za a yi mata shiru irin wannan ta kasa ji ba.

"Me ya sa duk kuka yi tsit?" ta ce. Ta juya wajen makaniken. "Kunnuwa."

"Na'am, Mama."

"Wadda na saka bayan ja, wane launi ne zarenta? Kada ka yi mini ƙarya, na san ubanka."

Ya ɗago kai. "Shuɗi ne, Mama."

Ta zare wayoyin biyu ta fito da su tsakiyar rana. Ta kai su dab da hancinta, ta nisanta, ta rufe ido ɗaya, ta rufe ɗayan. Ta daɗe a haka.

"Iri ɗaya nake ganinsu," ta ce, muryar ba tata ba. "Ashe ɓarawon a fuskata yake kwana."

Ta ajiye su a kan injin ta shige ɗaki ta rufo ƙofa. A zamana da ita ban taɓa ganin ta bar bonet a buɗe ba sai ranar.

Kwanakin da suka biyo baya shago a rufe. Abinci sai na ajiye a bakin ƙofa, rabi yake dawowa. Na ji tausayinta har cikin ƙashina, kuma na ji haushinta, don yaron yana zuwa kullum ya tsaya a bakin titi, ba ta ce a shigo da shi ba. Na ce mata ta ƙofa, "Yaya, kin zargi malami, kin zargi mai mita, kin zargi ɗanki. Ko haƙuri ba za ki ba kowa ba?" Ta ce in tafi da surutuna.

Sai wata safiya na ji ƙarar ɗaga bonet. Na leƙo, ga ta da jakarta. Ta yanke zarurrukan launi duka, ta ɗaura wa kowace waya farin zare mai kauri da ƙulli: ƙulli ɗaya, biyu, uku, huɗu, gwargwadon silindarta. Ba ta ko kallon abin da take yi, yatsunta ke karantawa.

"Ɗaya. Uku. Huɗu. Biyu."

Ta shiga ta murza. Injin ya tashi sumul, yana wannan gurnanin nasa mai daɗi na zamanin Marigayi. Na ga ta yi murmushi, na ce a raina shi ke nan, ta samo hanya, yau kuma sai Allah ya tsare masu tafiya a ƙasa.

"Buɗe get," ta ce.

Na buɗe. Ta gyara zama, ta kama sitiyari da hannu biyu, ta saka giya. Amma motar ba ta motsa ba. Ta miƙa wuya gaba tana ƙanƙance ido ta gilashi.

"Wane ne wancan ya tsaya mini a bakin get kamar gidan ubansa?"

Tsakaninta da shi bai fi tsawon mota biyu ba. Yana sanye da rigar da ita ta ɗinka masa, da jakar aikinsa a hannu, yana tsaye daidai inda ya saba tsayawa tun da ya daina shigowa.

Na ce, "Akawu ne, Yaya."

Injin yana ta aikinsa. Can ta mayar da giya, ta ja birkin hannu. Ba ta buɗe ƙofa ta zagaya ba, kada a gan ta. Ta tattare zaninta ta tsallaka ta kan giyar da ƙyar, ta zauna a kujerar gefe, wadda rabonta da ita tun Marigayi yana da rai. Ta ɗora jakar wayoyin a cinya ta riƙe da hannu biyu.

"Ce masa ya shigo," ta ce. "Ya kai ni wajen masu duba ido."

Ya shigo a hankali kamar mai tsoron a sake korarsa. Ya zauna, ya ja kujerar zuwa baya don ƙafafunsa su samu wuri. Ya kai hannu ga sitiyari, sai ya ga makullin, ya tsaya. An ɗaura masa sabon zare, da ƙulli mai ƙarfi irin nata.

"Wannan fa, Umma?"

"Don in gane shi in ka musanya," ta ce, tana kallon tagar gefenta. "Ja mu je. Ka yi hankali da ginshiƙin nan, ba a rage wa get ɗin komai ba."